Wai da gaske daga tankin ruwa aka samo sunan tankar yaƙi?

Malam Habu: Salamu alaikum. Jiya a aji na ce sunan tankar yaƙi daga tankin ruwa ya fito, wani ɗalibi ya ce tatsuniya ce. Abin ya tsaya mini a rai. Ku raba mu.

Baban Ummi: Malam, gafarta, ina bayan yaron nan. Me ya haɗa tankin da ke kan soronmu da motar da ke aman wuta?

Hajiya Kulu: Malam ne da gaskiya. A 1915, ana cikin yaƙin duniya na ɗaya, Churchill, ministan sojan ruwa, ya kafa kwamitin ƙera ta a Ingila, a lokacin "jirgin ruwan tudu" suke ce mata. Da suka ga sunan zai tona asiri wajen Jamusawa, sai a Disamba suka koma kiranta tanki, don wanda ya ji ya zaci mazubin ruwa ne. Har a jikin wasu aka rubuta da Rashanci cewa birnin Petrograd na Rasha za a kai su.

Baban Ummi: To Hajiya, in ɓoyewa ce, ai asiri ya tonu ranar 15 ga Satumba 1916 da suka shiga fagen daga a Somme, a Faransa. Don me ba a canja ba? Jamusawa Panzer suka ce, wato sulke. Wannan ne sunan da ya dace da abin.

Hajiya Kulu: Suna in ya kama bakin soja, wa zai ƙwace? Su ne fa suka raba tankokin jinsi biyu: mai ɗauke da igwa namiji, mai bindigogi masu sarrafa kansu kaɗai mace. Ta gwajin farko ma, da kamfanin Foster ya ƙera a garin Lincoln, Little Willie aka sa mata.

Isiyaku: Yaya, dubi Sherman, tankar yaƙin duniya na biyu. Amurkawa da suka ƙera ta M4 kawai suka rubuta. Turawan Ingila ne suka raɗa mata sunan janar ɗin yaƙin basasar Amurka, kamar yadda suka yi da Grant da Lee da Stuart.

Baban Ummi: Na Sherman na karɓa. Na Petrograd ne har yanzu nake jinjinawa. Malam, ka turo yaron nan mu ji tasa hujjar.

Malam Habu: In sha Allahu ran Litinin zan tambaye shi.