Hular roka: ta matse ko ta yi sako-sako?

Ɗan Bukuru: Salam jama'a. Ni dai har yanzu ina kan bakana, hular roka, wato murfi mai tsini da ke kan ƙaramar rokar kwali irin wadda muke haɗawa, gara ta matse tamau da ta yi sako-sako. Ɗan albarushin da ke saman injin ai aikinsa kenan ya tunkuɗo ta, laimar da ke saukar da rokar a hankali ta buɗe. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hujja ai a fili take ƙanina. Albarushin nan ɗan kaɗan ne fa, in hula ta ƙi fita iskar za ta nemi wata hanya, ko ta fasa kwalin ko ta cillo injin ta baya, rokar kuma ta juyo ƙasa da ka kamar mashi laima na naɗe a ciki. Wannan shi ne faɗuwa mafi muni, wa ma ya san kan wa za ta sauka

Ɗan Bukuru: To yaya, sako-sakon fa? Ba ka taɓa ganin wadda ta rabu tun tana hawa ba?

Injiniya: Na gani mana, ban ce a bar ta tana rawa ba. Lokacin da injin ya gama ci, gangar jikin mai fukafukai iska ta fi riƙe ta, hula kuma in tana da nauyi sai ta ci gaba abinta, su rabu ana tsakiyar gudu, laima ta yage ko igiyar da ta haɗa hula da jiki ta tsaga bakin kwalin. Injin kamfanin Estes mai lamba C6-5 misali, 5 ɗin nan daƙiƙa biyar ce tsakanin ƙarewar tuƙi da tashin albarushin, a cikin biyar ɗin nan dole hula ta zauna daram.

Malama Kimiyya: Ku biyun kuna ta musu kun manta a Jos muke. Abin da ya zauna daidai a Janairu ba zai shiga ba a Agusta wallahi, kwali yana shan danshi ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya saki. Ɗalibaina sun haɗa tasu da damina ta zauna cif, da muka ɗauko ta daga kabad lokacin sanyi hula da kanta take zamewa. Don haka "ta matse" ɗin naka Ɗan Bukuru, a wane wata?

Auta: 😂 Malama ta gama da ku

Baban Ummi: Gwajin da na sani mai sauƙi ne. Riƙe gangar jikin ka kifa rokar, kada hula ta faɗo don nauyinta, amma in ka girgiza da ɗan ƙarfi ta fara zamowa. Ko ka cire injin ka hura da baki ta ƙasa, in ta fita fit shikenan. In sai ka murɗa kana cije leɓe kafin ta fito, ta yi yawa.

Ɗan Bukuru: Baba wannan ai na ƙananan roka ne. Manyan fa har ƙusa ake sa musu su riƙe

Injiniya: Ƙusoshin nailan ne ƙanana, an yi su ne don su karye da gangan, kuma masu sa su suna gwada rabuwar a ƙasa kafin su harba. Ko a nan ma hular a sulɓe take shiga, ƙusar ce ke riƙewa ba matsi ba, saboda ƙarfin da zai karya ƙusa ana iya lissafa shi, matsin kwali kuwa yau daban gobe daban. Har ɗan rami suke hudawa a jiki don iskar ciki ta riƙa fita yayin da ta waje ke raguwa a sama. Misalinka ma ni ya taimaka.

Auta: To ni tawa ta matse sosai, in shafa mata basilin?

Malama Kimiyya: Kul Auta! Kwali zai shanye man ya yi laushi, ga ƙurar hunturu ta manne. Ka zuba sufa gulu mai ruwa-ruwa a cikin bakin kwalin, a waje za ka yi don warinsa yana shiga ido, in ya bushe ƙaƙau ka bi da samfefa mai lamba 220 sannan mai lamba 400, bakin zai yi tauri ya daina shan danshi sosai. Ka goge wuyan hular har ta ɗan yi sako-sako kaɗan, sai ka riƙa cikewa da salatif na takarda irin na masu fenti, zagaye ɗaya ka gwada, in bai isa ba ka ƙara rabi. Hodar jarirai kaɗan a kai in tana kamawa.

Baban Ummi: Kuma a filin za ka yi gyaran ƙarshe ba a ɗaki ba, salatif ɗin ya zauna a aljihu.

Ɗan Bukuru: Hmm. Ni dai ban sauka ba, tawa ba ta taɓa ƙin buɗewa ba

Injiniya: Kawo ta ranar Asabar Baba ya hura mu gani.

Ɗan Bukuru: Zan kawo in sha Allah, amma ni zan hura