Neman kalma: me za mu kira "tahkim" na maƙalun bincike da Hausa?

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman taimako kan kalma ɗaya, kuma ina so mu tsayar da ita a nan kafin mu ci gaba da aikin nan da muka ɗauka na taƙaita bincike da Hausa muna tura wa mutanenmu. Abin nan da Larabawa ke ce wa tahkim, Turawa kuma su ce peer review. Duk wanda ya taɓa zama a jami'a a nan Saudiyya ya san shi, malami ba ya samun ƙarin girma sai ya kawo maƙalun da suka fito a mujalla muhakkama, wato mujallar da ke yin tahkim ɗin. Ga wanda bai sani ba, ga yadda abin yake: ka gama bincikenka ka tura wa mujalla, edita ya duba, in bai kore ta tun daga bakin ƙofa ba sai ya aika wa mutum biyu ko uku da suke aiki a fannin da ka yi rubutu a kai, su karanta su rubuto ra'ayinsu, ko a karɓa, ko a yi ɗan gyara, ko a yi babban gyara a dawo da ita, ko a ƙi ta gaba ɗaya, yawanci ba a biyan su ko riyal kuma kai ba ka san ko su waye ba. To da Hausa me za mu ce? Don wallahi na gaji da ganin "bincike ya nuna" a WhatsApp, wanda aka yi shekaru ana yi da wanda wani ya zauna a ɗaki ya rubuta jiya duk sunansu ɗaya a bakinmu, ya kamata a ce muna da kalmar da za ta raba su.

Ɗalibin hadisi, Madina:
Wa alaikumus salam. Ustaz ni ban ga abin wahala ba, mu ce tahkimi kawai. Hausa ta ari hukunci, ta ari alƙali, ta ari hujja, ba yau aka fara ba. In kuma ana son abin da ya fi kusa da mu akwai jarhi da ta'adili na malaman hadisi, wato yadda suke auna mai ruwaya su ce a karɓi ruwayarsa ko kada a karɓa.

Ɗalibin shari'a, Riyad:
Akramakallahu tahkimi ba za ta yi mana ba, kuma dalilina daga fanninmu yake. A wajen lauyoyi tahkim sunan wani abu ne daban, shi ne mutum biyu su yi rigima su ƙi zuwa kotu su naɗa wanda zai raba musu gardama kuma hukuncinsa ya hau kansu, har doka guda Saudiyya ta yi masa a 2012. Kuma ita ce dai kalmar da ake faɗa wa alƙalancin ƙwallo. Yanzu ka ɗauka muna taƙaita wata maƙala kan gyaran kafala, wato tsarin da ke ɗaure ma'aikaci baƙo da kafilin da ya ɗauke shi aiki, gyaran da ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki bisa sharuɗɗa da neman bizar fita da dawowa ta manhajar gwamnati ta Absher ba sai kafili ya sa hannu ba, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, waɗanda 'yan uwanmu da yawa a cikinsu suke. Mai karanta mana ɗin nan wataƙila yana da shari'a da kafilinsa, ya riga ya je zaman sulhun da ake yi kafin a kai magana kotun ma'aikata, sai ya ga mun rubuta "wannan bincike ya wuce tahkimi", me zai fahimta? Zai ɗauka wata hukuma ce ta yanke hukunci a kan maganar. Jarhi da ta'adili kuwa mutumin ake dubawa, amanarsa da haddarsa, a nan kuma wasu mujallun har sunan marubucin suke cirewa don kada a duba mutum, a duba aikin.

Dattijo, Makka:
'Ya'yana Allah ya yi muku albarka da wannan aiki. Mu da aka haifa a nan Hausarmu ta gauraya da Larabci, amma abin da mahaifina ya ba mu labari na tsangaya bai ɓace min ba. Akwai darasu. Gardi ya rubuta allonsa da ka, ya kawo gaban alaramma, ana karantawa sauran mahaddata na zaune kowa ya kasa kunne, wasali ɗaya ya kauce sai ka ji an tare, a goge a gyara, kuma ko wanda ya kai ya rubuta Alƙur'ani sukutum bai isa ya ce ya gama ba sai gwanaye irinsa sun bi shi ganye-ganye. To ba wannan kuke nufi ba? Ku ce darasun masana mana.

Mai tambaya, Jidda:
Baba wallahi wannan ta taɓa ni, don siffar zaman ita ce sak, masu sana'a ɗaya suna gyara wa juna. Jama'a me kuka gani?

Mai binciken teku, Suwal:
Baba a gafarce ni, ina da ja a kan darasu duk da kyanta. A darasu akwai asali guda ɗaya da babu shakka a cikinsa, yana ƙirjin alarammomin nan, in allo ya saɓa masa an san allon ne ya yi kuskure, in darasu ya ƙare to rubutun ya inganta, magana ta ƙare. Mu namu ba haka yake ba ko kusa. Ni aikina a kan murjani ne, halittar nan da ke gina duwatsu masu launi a ƙarƙashin teku, a nan Bahar Maliya, ruwan nan da gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita alhali yawancin tekunan duniya wajen 35 ne, ga zafi, kuma abin da muke bi shi ne farin da murjani ke yi in zafi ya yi yawa ya kori 'yan ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi suna ba shi launi. Ka shiga kwalekwale da sassafe, ka nutse da silinda a baya, ka shimfiɗa tef a ƙasan ruwa ka bi shi kana ɗaukar hoto kana rubutu da fensir a farin allon roba, ka dawo ka zauna ƙirga wanne ya yi fari wanne ya mutu. To wanda mujalla za ta aika wa maƙalata yana Ostireliya ko Jamus, bai nutse tare da ni ba, bai ga murjanin ba, ba zai sake gwajin ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ce wuraren da ka auna sun yi kaɗan, ko lissafin nan bai dace da irin bayananka ba, ko abin da ka ce a ƙarshe ya fi ƙarfin abin da ka gani. Wannan aiki ne mai amfani sosai kuma maƙala tana fitowa da ƙarfi bayansa, amma in mutum ya ƙirƙiro lambobinsa ya jera su da kyau zai iya wucewa.

Kuma ya taɓa faruwa a fanninmu. A 2016 mujallar Science, wadda kowa ke mafarkin shiga, ta buga aikin wasu masu bincike biyu daga jami'ar Uppsala a Suwidin, suka ce 'ya'yan wani kifi sun fi son cin ɓarɓashin roba a kan abincinsu na asali, labarin ya zaga duniya. Waɗanda suka tona ba masu duba wa mujallar ba ne, wasu abokan aiki ne da suke tashar binciken a tsibirin Gotland a daidai lokacin, suka ce mu fa ba mu ga an yi gwaji mai girman wanda aka rubuta ba, da aka nemi bayanan asali aka ce suna cikin kwamfutar da aka sace. A 2017 aka janye maƙalar. Saboda haka duk kalmar da za mu zaɓa kada ta ce wa mutum an tabbatar.

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Yaya na Suwal ka faɗi abin da ke raina. Ni a ɓangaren yara nake kuma wannan maganar a wajenmu ta rai ce. A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokansa, yara 12 kacal aka duba, aka jefa wa iyaye zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da otizim, lalurar nan da ke wahalar wa yaro magana da mu'amala da mutane, abin da ake ce wa tawahhud a nan. Ta bi ta hannun masu dubawa fa. Iyaye suka tsorata, rigakafi ya ja baya, ƙyanda ta dawo. A 2002 aka fitar da binciken Denmak a kan yara sama da rabin miliyan ba a ga wata alaƙa ba, ɗan jarida Brian Deer ya yi ta tono yadda aka murɗe bayanan yaran, amma sai a 2010 Lancet ta janye ta, a shekarar kuma aka soke sunan mutumin daga rajistar likitoci. Har yau uwa za ta zo da jariri a kafaɗa da katin rigakafi a hannu ta buɗe waya ta nuna min saƙon da aka turo mata ta ce sister an ce likitocin Turai ne suka tabbatar. Mu da muka san abin da dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 ya jawo bai kamata mu yi sakaci da kalma ba. Shi ya sa ni ko tantancewa da na san wani zai kawo ba na so.

Ɗalibin siyasa, ɗan Madani mazaunin Jidda:
Hajiya ai kuwa ita na zo da ita. Tantancewa kowa ya san ta, ana tantance masu zaɓe, majalisa na tantance ministoci, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Mu a Sudan, inda garinmu Madani yake, da yawanmu Hausar rediyo ce ke riƙe da mu a irin waɗannan kalmomin, in kuka ƙirƙiro baƙuwa za ku bar mu a baya.

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Malam matsalar kenan ai, wanda aka tantance ya wuce, an buga masa hatimi. Ka ce wa uwa "tantantaccen bincike" ka gama da ita, ba za ta ƙara tambaya ba.

Ɗalibin siyasa, ɗan Madani mazaunin Jidda:
Na ji wannan. Mu ma muna da irinta, a ƙarshen 2014 Science ta buga wata maƙala da ta ce 'yar gajeriyar hira a ƙofar gida tana canza ra'ayin mai zaɓe har ya daɗe a kai, ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka suka zo za su yi irin aikin abin ya ƙi, suka bi diddigi suka gano bayanan ba su da tushe, aka janye a watan Mayu 2015. Amma duk da haka kada mu rage wa abin daraja har ya zama daidai da babu, don akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya tura maƙalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Dole kalmar ta nuna an yi wani aiki na gaske. Tacewa fa? Ko tankaɗe da rairaya?

Ɗalibin shari'a, Riyad:
Tacewa ta riga ta zama ta hukumar tace fina-finai, za a ɗauka cire abin da gwamnati ba ta so ake yi. Ɗayar kuma ta yi tsawo, ba ta shiga jimla.

Mai tambaya, Jidda:
To ga abin da na tattara daga maganganunku. Muna son kalmar da za ta ce an sake bin aikin da ido, ta faɗi su wa suka bi, kuma kada ta yi alƙawarin gaskiya. Ni sai na ga bita ta cika na farko da na uku, ɗalibi na bitar karatunsa, kuma wanda ya yi bita bai ce ba zai yi kuskure ba. Saura su wa. Takwarori na fara tunani, yadda ake cewa shugaba ya gana da takwaransa, sai dai ɗalibin daktora ne zai rubuta farfesa ya duba, ba takwaransa ba ne. Abokan fanni kuma tana warin sanayya, kamar abokanka ne suka sa maka hannu, alhali akasin haka ake nema. Sai na tsaya a kan bitar masana fanni, a taƙaice bitar masana. Ku gwada ta a baki: maƙalar tana wajen bitar masana. Mujalla ce mai bitar masana. Mai bita na biyu ya ce a sake lissafi. Wannan rahoto ne kawai, bai shiga bitar masana ba. Ta shiga bitar masana amma daga baya an janye ta.

Ɗalibin hadisi, Madina:
Ta zauna Ustaz. Abu ɗaya, bita a kunnen mutanenmu tana kai su ga bitar alhazai ko taron bita na ma'aikata.

Mai binciken teku, Suwal:
Gaskiya ne amma in ta biyo bayan maƙala ko mujalla ba mai ruɗewa. Ni na karɓa. Wadda ake cire sunan marubuci kuma mu ce bitar masana ta ɓoye suna.

Ɗalibin shari'a, Riyad:
Na karɓa, kuma fanni ɗin nan kada a yar da shi a rubutu na farko, don a Amurka manyan mujallun shari'a irin Harvard Law Review ɗalibai ne ke zaɓen maƙala suna gyarawa, suna da daraja amma tsarinsu daban ne, in mun taƙaita wani abu daga irinsu sai mu faɗi haka ƙarara.

Ɗalibin siyasa, ɗan Madani mazaunin Jidda:
Ni har yanzu tantancewa ta fi min sauƙi a kunne, amma zan bi jama'a. Sharaɗina shi ne duk taƙaitawar da muka fitar a sa layi ɗaya a ƙasa mai bayanin me bitar masana take nufi, har mutane su saba.

Dattijo, Makka:
Na ji hujjar yaron nan na Suwal kuma ta gamsar da ni, darasu a bar wa Alƙur'ani abinsa. Ku sa layin da ɗan Madani ya ce, ku rubuta shi da Hausar da matan unguwa za su gane in an karanta musu.

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Baba ga shi na rubuta, a gyara min in da gyara: "Bitar masana na nufin wasu masana fannin, da ba sa cikin waɗanda suka yi binciken, sun karanta shi sun nemi gyara kafin a buga. Ba su sake yin gwajin da kansu ba." Zan sa shi a ƙasan taƙaitawar binciken Denmak ɗin, in na tashi daga aiki in sha Allah zan turo ku duba.