Abincin da ke jawo kumburi da kansar ƙoda, mafitsara da furostet

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana cewa wasu abinci na haddasa kumburi a cikin jiki, har su kai ga kansar ƙoda ko mafitsara. Malamai, me bincike ya tabbatar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Akwai ma'aunin da ke ba abinci maki bisa yadda yake jawo kumburi, wanda masu bincike a Jami'ar South Carolina ta Amurka suka fitar a 2014, ana ce masa DII. Yana duba abubuwa 45 na abinci, ya auna tasirinsu kan alamomin kumburi shida a jini, irin su CRP da IL-6. Daskararren kitse da yawan kalori na ɗaga makin. Harza, omega-3 (irin kitsen da ke cikin kifi), citta, tafarnuwa da kurkur na saukar da shi. An ga masu maki mai yawa sun fi kamuwa da kansar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta ƙoda. Amma fa yawancin binciken, marasa lafiya ake tambaya abin da suka ci shekarun baya, kuma wanda ciwo ya kama, abin da yake tunawa kan karkata. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar abincin ne sanadi ba.

Amsa ta biyu: Malam ya yi daidai, sai dai kada a haɗa ukun wuri ɗaya, ga shi mutane na kiran ta furostet "kansar mafitsara". A mafitsara, taba ce babbar matsala, kusan rabin masu cutar ita ce sila. Sai tsargiya da ta daɗe ba magani, da sinadaran rini da roba. A ƙoda kuwa ƙiba da hawan jini na cikin manyan matsaloli, kuma a nan abinci ya fi shigowa, domin kitsen ciki da kansa yana fitar da IL-6.

Amsa ta uku: A aikace: jan nama kada ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, naman da aka sarrafa a rage sosai, harza giram 25 zuwa 30 kullum daga wake, ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba. A guji shan ƙwayoyin ƙarin abinci, irin su bitamin, da sunan rigakafi. A wani babban gwaji mai suna SELECT, da aka yi wa maza fiye da 35,000, bitamin E ya ƙara haɗarin kansar furostet da kashi 17 cikin ɗari. Jini a fitsari kuwa, ko sau ɗaya ne ba zafi, a tafi asibiti a yi gwajin fitsari da hoto, ba a tsaya gyaran abinci ba.