Ziri ne, ba barkwanci ba: neman sunan komik na jarida da mai zana shi

1/ Jama'a, akwai kalmar da muke ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta, wato zanen barkwanci. Hoton da ke zolayar shugaban ƙasa a shafin ra'ayi, zanen barkwanci. Ɗan labarin nan mai hoto uku ko huɗu a jere da ke fitowa kullum a jarida, shi ma zanen barkwanci. Wani har fim ɗin yara mai motsi yakan cusa a ciki, alhali wannan tuni ya samu sunansa, katun. Na tsakiyar nake so mu cire mu raɗa masa suna, abin da Turawa ke kira komik sitirif. Shawarata ita ce zirin labari, a taƙaice ziri. Mai sana'ar kuma mai zana ziri. Ku ji hujja tukuna kafin ku yanke hukunci.

2/ Barkwanci ya dace da mai zanen siyasa, ban ja ba. Hoto ɗaya yake yi, ya ja wa minista hanci, ya sa jimla ɗaya a ƙasa, shi ke nan. Labarin ya tsufa, zanen ya tsufa tare da shi. Mai ziri kuwa renon mutane yake yi shekara da shekaru. Frank King ya fara Gasoline Alley a jaridar Chicago Tribune a 1918. A 1921 ya sa aka yar wa jaruminsa jariri a bakin ƙofa, masu karatu na kallo yaron ya girma, ya tafi yaƙi, ya yi aure. Dick Tracy na Chester Gould da ya fara a 1931 labarin ɗan sanda ne, da harbi da gawa. Lynn Johnston ta Kanada, a 1995, ta sa tsohon karen gidan da ke cikin For Better or For Worse ya mutu bayan ya ceto ƙaramar yarinya daga kogi, masu karatu suka yi ta aiko mata wasiƙu. Ina barkwanci a nan? Su kansu Turawan kalmarsu ta komik abin dariya take nufi, ta dai riga ta maƙale musu ne. Mu da muke zaɓe yanzu ba dole mu gaji matsalarsu ba.

3/ Ziri ba baƙuwar kalma ba ce. Abu ne siriri mai tsawo, kuma duk mai sauraron labaran duniya ya san Zirin Gaza. Kalmar da aka fassara da ziri a can ita ce dai wannan sitirif ɗin. Faransawa ma ta nan suka bi, sunan da suke kira bande dessinée ma'anarsa zanannen ziri. Masu Sifaniyanci na cewa tira, ziri ke nan. Italiyawa ne suka bi wata hanya, suka ce fumetti, wato 'yan hayaƙi, saboda da'irar maganar da ke tashi daga bakin mutanen cikin zanen.

Wani alherin ziri shi ne bai damu da kwance ko tsaye ba. A Japan irin wannan labari mai hoto huɗu, yonkoma, daga sama yake gangarowa ƙasa, kamar Sazae-san na Machiko Hasegawa da ya yi daga 1946 zuwa 1974. Peanuts na Ba'amurke Charles Schulz ma da farko hoto huɗu ne masu girma ɗaya, da gangan, don edita ya iya shimfiɗa su a kwance, ko ya tsayar da su, ko ya jera biyu kan biyu, gwargwadon filin da ya rage masa.

4/ Wani ɗan'uwa ya ce me ya hana zirin zane, tunda zane ne. Malam, rubuta shi ka gani. Ba ma sa alamar karin sauti a rubutu, don haka zanen alƙalami da zanen ɗaurawa kamarsu ɗaya a takarda. Ka ce zirin zane, rabin masu karatu wajen tela hankalinsu zai tafi.

Amma babban dalilina ba wannan ba ne. A wannan sana'a labari ne ke gaba, zane na biye.

5/ Ga yadda aikin yake. Mutum ya zauna da littafin rubutu da fensir, ba takardar zane ba. Yana iya shafe safiya bai samu komai ba, yana ta zaƙulo hira tsakanin mutanensa yana sokewa. In dabara ta zo, sau da yawa ta ƙarshe take zuwa, wato abin da zai faru a hoton ƙarshe, sai ya koma baya ya gina mata hanya. Daga nan sai yankan kalmomi, domin filin bai ɗaukar surutu. Jimla mai kalma goma sha biyu sai ta koma bakwai, kalmar da ke ɗauke da nauyin zancen kuma a tura ta can ƙarshen jimla, don kada mai karatu ya riga mai zane isa.

Bari in ƙirƙiro misali. Hoto na farko, mace tana ba shukar tukunya ruwa, tana cewa, "An ce shuka na jin magana." Na biyu, ta ja kujera tana zayyana mata duk abin da ya faru a ofis, rubutu ya cika sama har ya kusa danne kanta. Na uku, hoton bai canza ba, amma babu kalma ko ɗaya, tana kallon shuka kawai. Na huɗu, shukar ta karkatar da ganyenta gaba ɗaya wajen taga. Yanzu cire na ukun ka karanta. Abin ya faru da sauri, dariyar ta ragu. Wannan hoton da ba a ce komai a cikinsa ba shi ne numfashin da mai ba da labari ke ja kafin ya saki zance. Lokaci mai ziri ke aunawa, da faɗin takarda yake auna shi. Shi ya sa za ka ga wanda hannunsa bai kai na masu zanen fuska ba ya yi suna a ziri, wani gwanin zane kuma ya kasa riƙe mai karatu mako biyu.

6/ Kun ga tun ɗazu ina ta cewa hoto na farko, hoto na biyu. Bai yi ba, domin ziri duka ma hoto ne. An kawo shawarar a kira shi akwati, ko taga, ko gurbi. Ni gida na zaɓa, yadda muke cewa gidan dara. Ziri mai gida huɗu, gidan farko, gidan ƙarshe. Na ukun nan da na nuna kuwa ga sunansa ya zo da kansa, gidan shiru.

Farin filin da ke tsakanin gida da gida, Turawa da sunan kwatar ruwa suke kiransa. Kada mu bi su. Giɓi ya ishe mu, domin abu ne da mai karatu ke cikewa da kansa. A gida ɗaya ka ga mutum ya ɗaga guduma, a na gaba ka gan shi da yatsa a naɗe. Ba wanda ya zana dukan, a giɓi ya faru.

7/ Sai aikin hannu. Ana zana ziri a takarda mai kauri, da girman da ya fi wanda za a buga sosai, sannan a rage shi. Wannan ragewar ita ke hukunta komai: siririn layi ya ɓace, ƙananan haruffa su cushe. Da yawa sukan fara da fensir shuɗi mai haske wanda na'urar ɗaukar hoto ta maɗaba'a ba ta kamawa, don haka ba sai an goge ba. Galibi haruffa ake fara rubutawa kafin mutane, domin ana iya matse mutum a kusurwa, magana kuwa ba ta matsuwa. Sannan baƙar tawada, da bakin alƙalami na tsomawa ko buroshi. Charles Schulz ya saba da wani bakin alƙalami na kamfanin Esterbrook mai lamba 914, da ya ji za a daina yin sa sai ya saye abin da ya rage. Yau da yawa a allon kwamfuta suke zanawa, ana gyara kuskure da taɓawa ɗaya, amma zaman safiya da littafi babu na'urar da ta ɗauke wa kowa shi.

8/ Abin da ke cin mai ziri shi ne wa'adi. Ziri shida na ranakun mako, da babba mai launi na Lahadi, kowane mako, babu ranar da jarida za ta fito da farin fili a ce mai zane ba ya jin daɗi. Kuma makonni kafin ranar bugawa ake miƙawa, na Lahadi ya fi nisa saboda aikin launi. Wato mutum na zana zirin ƙarshen shekara tun shekarar da sauranta.

Schulz ya fara Peanuts ranar 2 ga Oktoba 1950 a jaridu 7 kacal. Ya zana 17,897, shi kaɗai, rubutu da zane da haruffa, har lokacin da hannunsa ya fara rawa layin ya riƙa nunawa. Ya kai jaridu sama da 2,600 a ƙasashe 75. Hutun kirki sau ɗaya ya yi, makonni 5 a ƙarshen 1997. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2000, zirinsa na ƙarshe ya fito washegari.

Ba kowa ke iya wannan ba, kuma ni ban ga laifin waɗanda suka ajiye ba. Quino na Ajantina ya yi Mafalda daga 1964, ya tsaya a 1973 don gudun maimaita kansa. Bill Watterson ya yi Calvin and Hobbes daga 18 ga Nuwamba 1985 zuwa 31 ga Disamba 1995, da dogon hutu sau biyu a tsakani, ya rufe shi yana kan ganiyarsa. Irin wannan aiki ne muke kira barkwanci, kamar wani abu da ake yi a zaman hira?

9/ Tsakanin mai ziri da jaridu akwai kamfanin da ke karɓar aikin ya sayar wa ɗaruruwan jaridu, a raba kuɗin, bisa al'ada rabi da rabi. King Features na kamfanin jaridun Hearst tun 1915 yake wannan harka. Sunansa bai ba mu wahala ba, tunda muna da kamfanin dillancin labarai. Sai mu ce kamfanin dillancin ziri.

Irin wannan dillali fa ba ƙaramin iko gare shi ba. Dillalin Schulz ne ya raɗa wa Peanuts suna, Schulz kuma har ya mutu bai son sunan. Watterson ya shafe shekaru yana jayayya da nasa kan ba zai yarda a mai da yaron da damisar da ke cikin zirinsa 'yan tsana da riguna ba, ya kuma yi nasara. Ya sake yin wata rigimar kan zirin Lahadi. A tsarin da aka saba, layin sama na gidaje biyu ne da edita ke da damar cirewa in fili ya yi masa kaɗan, don haka dole mai zane ya zuba abin da labarin zai rayu ba tare da shi ba. Watterson ya ce a ba shi rabin shafi cur wanda ba a yankawa, daga 1992 ya samu. Waɗancan gidajen biyu, ni gidajen yarwa zan kira su.

10/ Da'irar magana: kumfa. Kumfar magana mai ɗan wutsiya da ke nuna bakin mai ita, kumfar tunani mai 'yan ƙananan ƙwallaye da ke hawa daga kai. Balan-balan ya yi tsawo, kuma ba ya shiga jimla da daɗi.

11/ Wata 'yar'uwa ta ce mai zana ziri ya yi tsawo, me zai hana mu gina suna ɗaya yadda rubuta ta ba mu marubuci, mu ce mazani. Hajiya, ƙa'idar nahawu tana bayanki, amma kunne ba ya bayanki. Faɗe shi da sauri a rediyo ki ji da wace kalma zai yi kama, ba na jin akwai mai sana'ar da zai so a kira shi haka a gaban surukansa. Ko ba wannan ba, mazani bai faɗi abin da ake zanawa ba, mai zana taswirar gini ma zai shiga ciki.

Tsawon nan kuma yana da amfani, domin ba kullum mutum ɗaya ke aikin ba. Modesty Blaise da jaridar Evening Standard ta Landan ta fara bugawa a 1963, Peter O'Donnell ne ke rubutawa, Jim Holdaway na zanawa har ya rasu a 1970, wasu suka karɓi alƙalamin, O'Donnell ya ci gaba da rubutu har 2001. Garfield na Jim Davis, da ya fara a 1978, daga baya mataimaka ne ke ƙarasa zane da tawada a kamfaninsa. Da mai rubuta ziri da mai zana ziri a hannunmu, za mu iya faɗin wanda ya yi wane. Wanda ya haɗa biyun kamar Schulz, a hira mai ziri ya wadatar.