Zan sayi murhun gashi na gawayi karon farko, wanda ya taɓa amfani da shi ya ba ni labari

Daga Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Watanmu uku kenan da tarewa a wani gida nan wajen Oko-Oba, akwai ɗan fili a baya wanda bai wuce ya ɗauki mota ɗaya ba, an sa masa intalok, uwargida ta shuka zogale da ɗan tattasai a gefe. To yaran nan duk dare sai an aika a sayo tsire, ga shi kuma abatuwa tana kusa da mu, da safe ka samu nama da ɗuminsa, shi ne na ce me zai hana mu riƙa gasa namu a gida ran Asabar. Mu bakwai ne a gidan. Na zaga na ga iri uku, akwai rabin duro na masu walda, akwai zagayayyen nan mai murfi da ƙafa uku da ake shigo da shi daga waje, sai ƙarami mai naɗewa kamar akwati. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Daga Ajah:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Mai naɗewan nan dai ka bar shi inda ka gan shi. Shi na fara saya saboda araha, ƙarfensa kamar gwangwanin madara, da yatsa kana lanƙwasa shi, na saya wajen watan Maris, kafin ruwan Yuli ya ɗauke gindinsa ya huje wlh. Mu nan iskar teku ce da gishirinta, ko ƙofar gida sai ta ci, amma babban abin da ya kashe shi toka ce, muna gama gashi mu bar ta a ciki ruwa ya sauka a kai ta dame ta kwana tana cin ƙarfen. Na biyun mai walda na sa ya ƙera min da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2, na ce ya yi masa tire a ƙasa wanda ake zarowa a zubar da toka, yanzu damina ta uku yake ciki. A Legas kauri za ka fara tambaya kafin kuɗi.

Daga Obalende:
Alhaji sana'ata kenan, na fi shekara 20 a kan tukuba. In tsire da balangu ne a ranka ba sai ka kashe kuɗi a murfi ba, abu biyu za ka duba. Na farko tazarar wayar da ake ɗora nama a kai da garwashi, ka sa a yi maka matakai ko uku a jikin murhun yadda za ka ɗaga waya ko ka sauke ta, domin wuta da ƙarfi take farawa sannan ta yi ta sanyi, in wayar a manne take wuri ɗaya to naman farko zai ƙone na ƙarshe kuma ya ƙi gasuwa. Na biyu tsawo, ya zama kana iya tara garwashi a gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen babu komai. Da kitse ya ɗiga wuta ta tashi sai ka janye naman zuwa can, kar ka watsa ruwa, ruwa toka yake tayarwa ta bi naman. Ita tsire ma ba ta son harshen wuta ko kaɗan, ƙuli-ƙulin da ke jikinta nan take yake baƙi ya yi ɗaci, zafi take so a hankali kana juyawa kana ɗan shafa man gyaɗa.

Sai gawayi, wanda mutane ba sa ɗauka da muhimmanci. Ka ɗaga buhun ka ji nauyi, ka ɗauki guda biyu ka gwara, in ka ji ƙara ƙal-ƙal kamar tangaran to na itace mai tauri ne zai daɗe yana ci, in ka ji shi fuf kamar soso ko yana ta tartsatsi ka bar shi. Da damina kar ka ajiye buhu a ƙasa, ka ɗora kan katako, gawayi yana shan danshi. Kuma don Allah banda kananzir, warinsa yana bin nama har cikin baki. Kwali da 'yan ƙirare da mafici sun isa, ka ba shi kamar minti 20 zuwa 30 sai ka ga farar toka ta rufe shi sannan ka ɗora nama.

Daga Idi-Araba:
Baba mai tsire gaskiya ka faɗa amma ni a maganar murfi ban bi ka ba, ku gashinku na yankakken nama ne, mu a gida kaza ce da kifi suka fi yawa. Shekara biyu ina fama da buɗaɗɗe, fatar kaza ta yi baƙi in an yanka cinya a ga jini a jikin ƙashi, sai dai in tafasa ta tukun kuma in an tafasa rabin daɗin ya tafi cikin romo. Daga baya ƙanin maigida ya bar mana zagayayyen nan Weber mai faɗin santimita 57 da zai koma Kaduna. Yana da ƙofar iska a ƙasa da wata a murfin, in ka buɗe wuta ta ƙaru in ka rage ta lafa, ina tsaga kaza ta baya in baje ta, garwashi a gefe ɗaya kaza a ɗaya gefen in rufe, wajen awa ɗaya ta nuna har ƙashi ba ta bushe ba. Karfasa ma haka, tarwaɗa kuma in naɗe ta da foyil da albasa da attaruhu. In an gama sai in toshe ƙofofin duka wutar ta mutu da kanta, ragowar gawayin ya yi min wani gashin. Tsada kam yana da ita, ba lallai sai shi ba, amma ko na walda za ka yi Alhaji ka ce a sa murfi da 'yar ƙofar iska.

Daga Obalende:
Hajiya na yarda, kaza sukutum tana son rufi. Mu ma in gashin ya yi kauri rufe shi muke da takarda ya turaru.

Daga Alaba Rago:
Ni rabin duro nake da shi saboda layya, rago guda in an sassara shi duro mai lita 200 ne kawai zai ɗauke shi ba a kai dare ba. Amma ku bakwai a gashin Asabar duro ya yi muku yawa, cin gawayinsa ba na wasa ba ne, kafin ka rufe gindinsa kawai ka juye bokitin fenti biyu na gawayi. Kuma duk wanda zai yi na duro ya tambayi me aka taɓa zubawa a ciki. Na farkon da aka yi min ban tambaya ba, muna hura wuta wani hayaƙi mai ɗaci ya taso yana sa ido hawaye, ashe duron sinadari ne, haka na mayar. Ko mai kyau ne ka fara cinna masa wuta babu nama har fentin ya ƙone tas ka kankare ka wanke. Wayar kuma kar ka yarda da ta cikin tsohon firij ko ragar katanga mai ƙyallin nan, suna da shafe a jiki wanda ba a yi shi don wuta da abinci ba. Ka nemi sitenles, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, in babu a jera maka siraran rodi ka riƙa shafa musu mai bayan ka wanke. Owode Onirin da ke kan hanyar Ikorodu ba irin ƙarfen da ba za ka samu ba, ka je da mai waldarka ya zaɓa.

Daga Ikorodu:
Ni roƙo ɗaya zan yi, saboda abin da ya same mu. Ranar sunan ɗiyata muna cikin gashi ruwa ya kece, sai yara suka ja murhun cikin sito aka turo ƙofa aka ci gaba, babu hayaƙi ko kaɗan tunda garwashi ya riga ya kama shi ya sa ba wanda ya kawo komai a ransa. Ba a yi awa ba ƙanwata ta ce kanta na sarawa, yaron da ke fifita ya miƙe jiri ya kwashe shi ya zube a bakin ƙofa. A asibiti likita ya ce iskar gubar nan ce irin ta janareto, ba ta da wari ba ta da launi, garwashi ma yana fitar da ita. Allah ya kiyaye yaron ya tashi. Tun daga ranar rumfar kwano na yi a waje buɗe ta ko'ina, in ruwa ya fi ƙarfinta a haƙura da gashin. Kuma ka duba inda kake ajiye jarkar fetur ɗin janareto kafin ka zaɓi wurin da murhun zai zauna.

Daga Mile 12:
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa. Ni ƙarin da zan yi a sa masa taya biyu da ƙafa mai faɗi, nawa ba taya kuma hayaƙi kullum tagar maƙwabciyata yake nufa ga shanyarta, sai da muka yi 'yar magana, yanzu mutum biyu ke kinkimarsa duk sanda iska ta juya. Tsayinsa kuma ya kai maka ƙugu.

Daga Agege:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh da jiya na sayi mai naɗewan nan. Na yi magana da mai walda na unguwarmu, za mu je Owode ran Litinin, farantin milimita 2, tsawo kamar santimita 70, matakan waya uku, murfi da ƙofar iska kamar yadda Hajiya ta ce, tiren toka da taya. Jarkar fetur kuwa a bayan gidan take daidai inda na so ajiye shi, yau na ɗauke ta. Baba na Obalende saura abu ɗaya, wane nama zan ce a yankar min a abatuwa na gashin farko?

Daga Obalende:
Cinyar sa, kilo biyu ya ishe ku, ka ce a fere maka shi falle-falle a haɗa da ɗan tozo. Yajin ka bari in ka shigo Obalende da yamma ka biyo ta wajena in auna maka.