Kwashe kod ɗin shafinka zuwa sabon masauki: me ya bi ku, me ya tsaya a baya?

Sagir: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shafi da nake rubuce-rubucena a kai, manhajar gina shafuka ta Hugo ke gina shi, kod ɗin kuma yana ma'ajiyar git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod) a ɗaya daga cikin manyan masaukan kod ɗin nan. So nake in koma ƙaramin wuri wanda ba na kamfani ba, kuma Codeberg nake hange. Waɗanda suka taɓa irin wannan ƙaura, don Allah ku ba mu labari.

Bilkisu: Wa alaikumus salam. Kod ɗin kansa ba zai ba ka wahala ba ko kaɗan. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro git a 2005 haka aka tsara shi: duk wanda ya kwafi ma'ajiya ya kwafi tarihinta. Abin da na yi shi ne `git clone --mirror` daga tsohon wuri, sai `git push --mirror` zuwa sabon, sannan a kwamfutata na yi `git remote set-url origin` da sabon adireshi. Amfanin `--mirror` shi ne yana tafiya da duk rassa da duk tag, har waɗanda ba ka taɓa saukewa a kwamfutarka ba. Amma ka tabbata sabuwar ma'ajiyar fanko ce, kar ka bari a ƙirƙira maka README a ciki, domin wannan turawar tana goge duk reshen da ta tarar a can wanda babu shi a wajenka. Da na gama sai na yi `git ls-remote` a ɓangarorin biyu, na ga lambobin kwamit, wato canje-canjen da aka adana a tarihi, sun yi daidai, hankalina ya kwanta.

Nura: Gaskiya ne Malama Bilkisu, amma zuwan kod daban, tashin shafi daban. Nawa kod ɗin ya isa lafiya lau, na buɗe adireshin sai farin shafi fat, ko harafi babu. Ashe jigon da nake amfani da shi, wato tsarin kamannin shafin, ba ya cikin ma'ajiyata, wata ma'ajiya ce daban da aka rataya, wadda adireshinta kawai ke rubuce a `.gitmodules`. Injin gini, wanda ke haɗa shafin daga kod a masauki, ba ya sauko da irin waɗannan sai an ce masa ya sauko. A GitLab ana sa `GIT_SUBMODULE_STRATEGY: recursive`, a GitHub Actions kuma `submodules: true` a matakin sauke kod.

Sannan kowane masauki da yarensa wajen gini. GitHub na karanta abin da ke `.github/workflows`, GitLab na neman `.gitlab-ci.yml`, kuma bisa al'ada a babban fayil mai suna `public` yake ɗaukar shafin da aka gama. Forgejo, manhajar da Codeberg ke aiki a kanta, na da nasa tsarin mai kama da na GitHub, amma kama ce kawai, ba kowane mataki ke aiki ba sai an taɓa shi. Masu Jekyll, wata manhajar gina shafi irin Hugo, su ne suka fi shan mamaki, domin GitHub Pages kan gina musu shi ba tare da sun rubuta komai ba, sai sun bar wurin su gane ashe akwai aikin da ake yi musu a ɓoye. Kai da kake kan Hugo, ka rubuta takamaiman sigar da kake amfani da ita a fayil ɗin gini. In ka bar shi ya ɗauko sabuwa fil, tsohon jigo na iya ƙin ginuwa, ka yi ta zargin ƙaura alhali ba ita ba ce. Kuma duba `baseURL`, saitin da ke faɗa wa Hugo adireshin shafin. In da shafin yana ƙarƙashin sunan ma'ajiya yanzu kuma ya koma tushen adireshi, hotuna da CSS duk za su ɓace.

Hauwa'u: Ni hotuna ne suka tsaya mini. Shafina na zane-zane ne, manyan fayiloli suna Git LFS, tsarin da ke ajiye su a wajen ma'ajiya. A ma'ajiya ba hoton ke zaune ba, ɗan rubutu ne mai layi uku da ke faɗin sigar LFS, lambar sha256 da girman fayil, ainihin hoton yana wata sabar. `--mirror` ya kai waɗannan 'yan rubuce-rubucen, hotunan kuwa suna can inda suke. Sai da na yi `git lfs fetch --all` daga tsohon, na yi `git lfs push --all` zuwa sabon. Allah ya so ban rufe tsohon asusun ba tukuna.

Malam Garba: Yaran zamani kun samu sauƙi. Na fara ajiye shafina tun ana yayin Google Code, aka rufe shi a farkon 2016. Daga baya ina kan Mercurial, wata manhaja irin git, a 2020 Bitbucket ya daina karɓarsa, sai na juya tarihin gaba ɗaya zuwa git da `hg-fast-export`. Wurin da ya ci lokaci shi ne sunayen marubuta: Mercurial yana barinka ka rubuta suna yadda ka ga dama, git kuwa yana son suna da imel, don haka sai ka shirya fayil da ke daidaita tsohon suna da sabo kafin ka juya.

Tun lokacin ba na ajiye ƙwaina a kwando ɗaya. Ina turawa wuri biyu a lokaci guda da `git remote set-url --add --push origin`. Ku lura, da zarar ka ƙara adireshin turawa ɗaya, git ya daina turawa zuwa na asali, saboda haka duka biyun za ka ƙara da hannunka. Lokacin da Microsoft ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5, mutane suka yi ta tururuwa zuwa GitLab cikin gaggawa, ni ko gezau, don kwafina na biyu yana nan.

Sagir: Allah ya saka da alheri. Malam, batun rahoton matsaloli fa? Masu karatu kan buɗe mini in sun ga kuskure a rubutu, akwai tattaunawa masu amfani a ciki.

Bilkisu: Waɗannan ba sa cikin git sam, suna rumbun bayanan masaukin ne, haka buƙatun haɗe kod da taurari. Codeberg yana kan Forgejo, wanda ya ɓalle daga Gitea a ƙarshen 2022, kuma yana da wurin shigo da ma'ajiya daga wani masauki. In ka ba shi makullin shiga na tsohon asusunka zai kwaso rahotannin da lakabobinsu da wiki. Taurari dai ba sa ƙaura. In da hannu za ka yi, wiki ma'ajiya ce mai zaman kanta, sunanta na ƙarewa da `.wiki.git`. Ka kuma karanta sharuɗɗansu: Codeberg ƙungiya ce ta sa-kai a Jamus, kuma don ayyuka masu buɗaɗɗen lasisi aka kafa wurin.

Auwal: Babu wanda ya taɓo domen, kuma nan ne masu karatu ke ganin ƙaurar. Kafin ranar, na rage TTL, wato wa'adin da ake riƙe bayanan DNS masu nuna inda domen yake kafin a sake duba su, zuwa daƙiƙa 300, na jira tsohon wa'adin ya ƙare, don in mai kwana guda ne, wato 86400, wasu za su ci gaba da zuwa tsohon wuri har washegari. Na bar shafin yana aiki a wuraren biyu, sannan na juya. Duk da haka an samu ɗan lokaci da burauza ke nuna gargaɗin rashin tsaro, saboda sabon masauki ba ya iya karɓo takardar shaida daga Let's Encrypt sai domen ya fara nuno shi. In kana da bayanin CAA, wanda ke faɗin wa aka yarda ya ba domen takardar shaida, duba ko ya yarda da mai ba da takardar. Bayanan MX kuma, masu nuna inda imel ke zuwa, kar ka kusance su, in ba haka ba imel ɗinka ya tsaya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in ka goge shafin a tsohon wuri amma ka manta wani ƙaramin domen yana nuna can, wani na iya zuwa ya yi rajistar sunan ya ɗora abin da ya ga dama a ƙarƙashin adireshinka. Goge bayanin DNS tukuna, sannan shafin.

Zainab: Wanda ba shi da domen nasa fa ya fi shiga uku, don adireshin kyauta na masauki ba ya bin ka. Ni haka nake a lokacin. Na bar shafuka a tsohon wuri masu `meta refresh` da `canonical` suna tura mutane sabon, amma masu bi ta RSS, hanyar da ke kai wa masu karatu sababbin rubuce-rubuce, sai suka ga duk tsofaffin rubuce-rubucena sun dawo musu kamar sababbi, domin alamar kowane rubutu adireshinsa ce, kuma ta canza.

Na biyu, ma'ajiyata a rufe take a da, zan buɗe ta a sabon wuri. Da na bincika tarihi sai ga makullin API na fom ɗin tuntuɓa a wani tsohon kwamit. Na soke makullin, na wanke tarihin da `git filter-repo`.

Malam Garba: 'Yata, sokewar ita ce maganin. Makullin da ya mutu ba ya cutar da kowa. Wanke tarihi kuwa yana canza lambar kowane kwamit daga wurin da aka gyara zuwa na ƙarshe, duk mahaɗin da ke nuna su ya karye. Ni da na bar shi.

Zainab: Haka ne Baba, amma ni kaɗai ke aiki a ma'ajiyar, babu mai kwafi sai ni, kuma akwai rubuce-rubucen da ban gama ba a tarihin waɗanda ban so a gani. Da da abokan aiki ne da ban taɓa ba.

Nura: Tunda an zo kan makullai: sirrikan da injin gini ke amfani da su suna saitin masauki ne, kuma yawanci ba a sake nuna maka su bayan ka adana. Sababbi za ka ƙirƙira. Haka makullin SSH da duk wani webhook (sanarwar da masauki ke aika wa wata manhaja kai tsaye), sai ka sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya.

Sagir: Na gwada a ma'ajiyar gwaji, ginin ya tashi. Sai dai kwamit ɗina duk ba sa nuna hotona, kamar wani baƙo ne ya yi su.

Hauwa'u: Imel ne. Masauki na gane mai kwamit ta imel ɗin da ke cikinsa. In naka na gaskiya ne, ƙara shi a sabon asusu ka tabbatar da shi, za su haɗu. In kuwa irin na ɓoye ne da tsohon masauki ya ba ka, mai `noreply`, ba za ka iya tabbatar da shi a wani wuri ba. Fayil ɗin `.mailmap` zai gyara yadda sunan ke fita a `git log` da `git shortlog`. Ka canza `user.email` tun yanzu kafin kwamit na gaba, tsohuwar ma'ajiyar kuma ka sa mata sabon adireshi a README ka mayar da ita ta karatu kawai maimakon ka goge.