Yadda ake cire tayar gaba ta Keke Napep a gida: ina neman shawarar masana

Mai Keke, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da iyayenmu makanikai. Ina tuƙa Keke Napep ƙirar Bajaj tsakanin Kwangila da Samaru, kuma a 'yan kwanakin nan na lura kan keken yana rawa a hannuna da zarar na ɗan ƙara wuta, sannan tayar gaba ta fi cinyewa ta gefe guda. Ina son in cire ta da kaina a ƙofar gida, in ɗaura safaya, in kuma duba ko matsalar daga taya take ko daga wani wuri, domin idan na kai gareji da safe sai in rasa lokacin da fasinja ya fi yawa. Ina da jak da sifanar taya da filaya. Abin da nake tambaya shi ne inda ya kamata in kafa jak, da notunan da zan kwance, domin na ga notuna sun yi yawa a jikin rim ɗin, da kuma iyakar abin da mutum zai iya yi a gida ba tare da ya jawo wa kansa ɓarna ba.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ɗana. Cire tayar gaba aiki ne da kowane direban keke ya kamata ya iya, amma tambayarka game da notuna ita ce mafi muhimmanci, don haka da ita zan fara. Rim ɗin irin wannan keke, mai ɗaukar taya lamba 4.00-8, yawanci faifai biyu ne aka haɗa fuska da fuska aka ɗaure da notuna, tub yana tsakaninsu. Saboda haka notunan da kake gani iri biyu ne: akwai waɗanda suke riƙe da tayar gaba ɗaya a jikin kwanon birki, akwai kuma waɗanda suke riƙe da faifan biyu da juna. Na farkon kawai za ka kwance. Idan ka kwance na biyun alhali akwai iska a cikin tayar, ƙarfin iskar zai iya raba faifan nan da ƙarfin tsiya, ya jefo ɗaya a fuskarka ko a hannunka, kuma wannan rauni ne da kan kai mutum asibiti.

Hanyar gane su ba ta da wuya. Ka sauko da safayarka ka ajiye a ƙasa ka dube ta da kyau. Duk notin da ka gani ɗaure a jikinta alhali ba a kan keke take ba, na haɗa faifai ne, kada ka taɓa irinsa. Ramukan da ka gani babu komai a cikinsu, su ne mashigar ƙusoshin kwanon birki, kuma notunan da ke daidai waɗannan ramuka a tayar gaba su ne naka.

Sai batun wuri. Ka nemi ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, in da hali daɓen siminti, domin jak yana nutsewa a rairayi ko a ƙasar da ta sha ruwan damina; idan dole ne a kan ƙasa za ka yi, ka shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashinsa. Ka kashe inji, ka sa giya ta ɗaya, ka ja birkin hannu, sannan ka sa waigi a gaba da bayan tayoyin baya duka biyu. Tun tayar tana ƙasa ka sassauta notunan kaɗan, kamar rabin zagaye kowanne, saboda idan ka ɗaga ta tukuna za ta riƙa juyawa tare da sifana, ƙarfin da za ka sa kuma yana iya ture keken daga kan jak. Ka kafa jak a ƙarƙashin ƙarfen shasi mai kauri da ke bayan tayar gaba, ba a jikin falankin da direba yake ɗora ƙafa ba, domin wannan siriri ne, lanƙwashewa zai yi. Da tayar ta bar ƙasa da kamar yatsu biyu, ka tura guntun gungume ko katakai masu kauri ƙarƙashin shasin, yadda ko jak ya zame keken zai sauka a kansu. Daga nan ka ƙarasa kwance notunan, ka lura da gefen da bawul yake kallo, ka zaro tayar. Tunda hannun ƙarfe ɗaya ne na keken yake riƙe da ita ta gefe guda, ta ɗaya gefen za ta fito salin alin.

Direba, Ɗanmagaji:

Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara girma. Sai dai ni a ganina jak ba dole ba ne, domin injin keken a baya yake, gaban ba shi da nauyi sosai, kuma a tasha muna ganin mutum biyu ko uku suna ɗaga gaban a tura bulo a ƙasa, a sauya taya cikin ɗan lokaci kaɗan. Abin da na fi so mai tambaya ya kula da shi shi ne irin keken, saboda masu karanta wannan zance ba duka Bajaj ko TVS suke tuƙawa ba. Keken dakon kaya da ake ɗaukar ruwan leda da siminti a kansa, yawancinsu gabansu irin na babur ne, ƙafa biyu da sandar ƙarfe da ta ratsa tsakiyar taya. A irin wannan sai an saki wayar birki da ta mita in akwai, an kwance babban noti an zare sandar, kuma akwai 'yan zobban ƙarfe a gefen tayar waɗanda dole kowanne ya koma inda ya fito.

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Maganarka ta keken kaya daidai ce, kuma na ji daɗin da ka kawo ta. Amma batun bulo ban yarda da shi ba, kuma ba zan so yaron nan ya ɗauka ba. Bulon siminti mai rami yana farfashewa farat ɗaya idan nauyi ya taru a wuri guda a kansa, ba ya ba da wata alama kafin ya tafi, keken nan kuwa ya haura kilo 300 ko babu kowa a ciki. A tasha akwai hannaye da yawa kuma aikin na minti kaɗan ne, shi kuwa shi kaɗai ne a gida, zai kuma zauna yana jijjiga taya yana leƙa birki, ga yara suna kai kawo. Katako mai kauri ya fi bulo aminci nesa ba kusa ba.

Ɗana, game da rawar kan keke, binciken da ya fi amfani ana yin sa ne kafin a cire tayar, lokacin da take rataye. Ka juya ta da hannu ka zuba wa bakin rim ido: idan yana karkata dama da hagu, rim ɗin ya lanƙwashe, wanda ramukan hanya suke jawowa. Ka kama tayar ta sama da ƙasa ka jijjiga; idan ka ji tana ƙwas-ƙwas ko tana gurnani yayin juyawa, boris ɗin tsakiya ne ya ci, ko kuma bushin hannun da shokazoba yake zaune a kai. Idan kuwa ƙafar gaban ce gaba ɗaya take motsi har zuwa kan keken, to boris ɗin wuya ne ya saki. Cinyewar taya ta gefe guda tana iya fitowa daga kowanne cikin waɗannan, don haka ɗaura safaya kaɗai ba zai warkar da ita ba, sabuwar ma haka za ta cinye.

Iyakar aikin gida a wurina ita ce cire taya da mayar da ita. Buɗe kwanon birki yana buƙatar cire fin da babban notin tsakiya, birkin kuma na mai ne. Idan wani ya taka feda alhali kwanon yana waje, fistin zai iya fitowa, mai ya zube, iska ta shiga layi, ka wayi gari ba ka da birki. Ƙurar cikin kwanon ma ba a hura ta da baki, tsumma mai laima ake sawa a goge.

Mai Keke, Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka da alheri. Na duba safaya kamar yadda kuka ce, na kuma gane notunan. Da na ɗaga na jijjiga tayar ta sama da ƙasa, na ji tana motsi da ɗan ƙara, rim ɗin kuwa yana juyawa daidai. Yanzu ya zan mayar da ita, kuma zan iya ci gaba da aiki zuwa ƙarshen mako?

Tsohon Bakanike, Sabon Gari:

Ka goge fuskar kwanon da bayan rim ɗin don kada ƙasa ta shiga tsakaninsu, ka ɗaura tayar bawul yana kallon inda ka same shi, ka fara ɗaura kowane noti da yatsunka har ya shiga lafiya, domin wanda aka tilasta da sifana tun farko yana cinye zaren ƙusa. Kada ka shafa musu giris ko baƙin mai. Ka ɗaure su a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, ka sauke jak, ka ƙarasa ɗaurewa da ƙarfin hannu tayar tana ƙasa, ba tare da ka hau kan sifana da ƙafa ba. Bayan ka ɗan zaga unguwa ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da ka ji alamar boris ce, kuma ban ba ka shawarar ɗaukar fasinja a haka ba, saboda taya ɗaya ce tak a gaba, idan boris ya fashe ya riƙe ta a kan titin Samaru cikin manyan motoci, keken kifewa zai yi. Ka tuƙa shi a hankali babu kowa a ciki zuwa wurin makanikinka gobe da sassafe, ka ce ya duba boris ɗin da bushin hannun a lokaci guda, tunda kwancewa ɗaya ce.